Tari, sanyi da duhun Disamba: amsa ga ɗalibin da ya zo karatu Ingila

Wani ɗalibi ɗan Katsina ya rubuto cewa ya isa Manchesta a watan Satumba domin karatun digiri na biyu, kuma tun da Nuwamba ta kama bai ƙara jin daɗin jikinsa ba. Mura ta kama shi, ta tafi ta bar masa tari wanda yanzu ya shiga mako na huɗu. Kullum a gajiye yake, ƙasusuwansa na ciwo, barci ba ya isarsa, wani lokaci yakan yi kwana biyu bai leƙa waje ba. Kusurwar bangon ɗakinsa ta yi baƙi, tagarsa kan wayi gari a jiƙe, kuma ba ya kunna hita saboda tsoron kuɗin wuta. Ya buga wa asibitin unguwarsu waya sau ɗaya, aka ce ya sha farasitamol ya huta. Wani abokinsa ya ce masa maleriya ce, ya ba shi Coartem da ya taho da shi daga gida. Yana tambaya: ya sha ko kada ya sha, kuma yaya mutum yake yi da irin wannan yanayi?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Na daɗe ina aikin likita a wannan ƙasa, kuma ba a yin shekarar da ba na jin irin kukanka tsakanin Nuwamba da Fabrairu daga bakin waɗanda suka sauka a Satumba, lokacin da gari yake da sauran haske da ɗan ɗumi, suka ɗauka haka zai ci gaba.

Ka ajiye wannan Coartem, kada ka sha. Ban ce maleriya ba za ta iya kwantar da kai a Ingila ba. Sauro ba ya yaɗa ta a nan, amma mutum kan shigo da ƙwayar a jikinsa, kuma nau'in falsifarum, wanda ya fi yawa a ƙasarmu kuma ya fi kisa, yakan bayyana ne yawanci cikin wata ɗaya zuwa uku bayan an baro gida. Akwai kuma wani nau'in da ake samu a Yammacin Afirka mai suna obale, wanda kan kwanta a cikin hanta ya yi shiru, sai bayan watanni da yawa ya taso. Saboda haka idan jikinka ya yi zafi, abin da kake buƙata shi ne gwajin jini a wannan ranar, kuma lallai ka gaya musu ranar da ka baro Najeriya tun kafin su tambaye ka. Idan ka riga ka sha magani, ƙwayoyin da ke cikin jini sukan ragu har mai gwaji ya kasa ganinsu, sai a rasa tabbacin abin da ke damunka, ga shi kuma Coartem ba ya taɓa ƙwayar da ke ɓoye a hanta. Ban da wannan ma, a cikin bayaninka ba ka ambaci zazzaɓi ko rawar ɗari ba, kuma tari na mako huɗu da kasala ba su yi kama da maleriya ba. Ka sayi ma'aunin zafin jiki a kemis, ba shi da tsada, domin digiri 38 da ka gani da idonka ya fi "ina jin jikina da ɗumi" amfani a wurin likita.

Na san daga inda shawarar abokinka ta fito, domin can muka taso duka. A gida, duk wanda jikinsa ya yi nauyi sai a ce maleriya ce da taifot, ya taka zuwa kemis ɗin bakin layi a haɗa masa ƙwayoyi, in ya ƙi sauƙi a yi masa allura ko a ɗaura masa ruwa. Sau da yawa kuma akan dace, tunda maleriyar ce ta fi yawa. A nan lissafin ya juya. Yawancin zazzaɓi da mura na lokacin sanyi ƙwayoyin bairos ne ke kawo su, waɗanda antibayotik ba ya yi musu komai, kuma jikinka sabo ne ga ire-irensu da ke yawo a ɗakunan karatu da motocin haya masu rufaffun tagogi. Wannan ne ya sa amsar "sha farasitamol ka huta", duk da takaicin da take ba mutanenmu, daidai ce a makon farko na mura. A mako na huɗu kuwa ba ta wadatar ba.

Ƙa'idar da hukumar lafiya ta NHS kanta ta shimfiɗa ita ce duk tarin da ya wuce mako uku a kai shi gaban likita. Ga wanda ya fito daga ƙasarmu akwai dalili na musamman, wato tarin fuka, wanda ake kira tibi. Kada takardar gwajin tibi da ka karɓa kafin biza ta sa ka saki jiki, domin hoton ƙirji yana nuna cutar da ta riga ta tashi ne a huhu, ba ya nuna wadda ke kwance a jiki ba tare da alama ba, kuma ita wannan ta kwance takan farka a shekarun farko bayan ƙaura. Alamomin da nake so ka lura da su sune zufar dare mai jiƙa riga duk da sanyin ɗaki, rama, rashin son abinci, ƙulluwa a wuya, ko jini a majina. Ko babu ɗaya daga cikinsu, ka nemi a saurari ƙirjinka kuma ka tambaya a kan hoton ƙirji. A yankuna da yawa na Ingila akwai shirin gwajin jini na tibin da ke kwance ga 'yan shekara 16 zuwa 35 da suka shigo cikin shekaru biyar da suka wuce daga ƙasashen da cutar ta yi yawa, kuma maganin tibi kyauta ne ga kowa. Mai yiwuwa ne ƙwarai abin da za a samu ragowar mura ce kawai, ko asma da sanyi da danshin ɗaki suka tayar, amma gwaji ne zai faɗi haka.

Sai kuma abin da na fi ganin yana cutar da mutanenmu a nan, wato yadda muke ba da labarin ciwo. An rene mu a kan dauriya da kawaici. In aka ce "ya jiki?", amsar ɗa mai tarbiyya ita ce "da sauƙi, alhamdulillahi", ko da kuwa ba ya iya ɗaga kai daga matashi. Likitan gida ya san wannan amsa gaisuwa ce, sai ya wuce ta ya ci gaba da tambaya. Wanda ke ɗaga waya a asibitin unguwa a Manchesta bai san haka ba, abin da ka faɗa shi zai rubuta, kuma da abin da ya rubuta ne za a yanke ko a gan ka yau ko bayan mako biyu. Na taɓa zama kusa da wani dattijo ɗan ƙasarmu a sashen gaggawa, numfashinsa na fita da ƙyar, yana riƙe da gefen gado da hannu biyu, ma'aikaciyar jinya ta tambaye shi yadda yake ji, ya yi murmushi ya ce mata da Turanci ya samu sauƙi, ya kuma yi mata godiya. Sai da na sunkuya na ce masa da Hausa, "Baba, tun yaushe rabonka da kwanciya a miƙe?", sannan ya ce kwana uku ke nan a zaune yake barci. Wannan jimla ɗaya ita ce ta sauya yadda aka ɗauki lamarinsa. Don haka idan ka sake bugawa, ka riƙe "alhamdulillahi" a zuciyarka, ka ba su kwanaki da lambobi: tari na kwana ashirin da biyar, na zo daga Najeriya a Satumba, ina gajiya in na hau bene, ɗakina yana da fumfuna. Yawancin asibitocin unguwa sukan buɗe layi da ƙarfe takwas na safe, guraben ranar kuma sukan ƙare da wuri, sannan da yawa suna da fom a intanet wanda zai ba ka damar rubuta komai a tsanake. Wanda Turancinsa bai nuna ba yana da haƙƙin a nemo masa tafinta ba tare da ya biya ko kwabo ba.

Kada ka ji nauyin neman wannan haƙƙi kamar kana roƙo. Lokacin da ka nemi biza ka biya harajin lafiya, wanda tun Fabrairun 2024 ya zama fam 776 a shekara ga ɗalibi, fam 1,035 ga yawancin sauran masu biza. Ganin likitan unguwa, wanda a nan ake ce wa GP, kyauta ne, haka ma gwaje-gwaje da kwanciya a asibiti. Abin da za ka biya a Ingila shi ne fam 9.90 a kan kowane magani da likita ya rubuta, a Sikotlan da Wales kuwa ba a biyan ko wannan. Idan dare ya yi ko ƙarshen mako ne, kuma ba ka san ko abin na jira ba ne, ka kira 111, ana ɗagawa dare da rana, kuma suna iya nema maka likita ko su tura ka inda ya dace. Lambar 999 ta abin da ba ya jira ce: ciwon ƙirji mai matsewa, numfashin da ya hana ka ƙarasa magana, ruɗewa, suma, ko jini mai yawa a tari. Littattafai sukan ce a duba ko leɓe ya koma shuɗi, amma a fatarmu abin da ake gani shi ne leɓe da dasashi sun yi toka-toka, kuma ƙaramar na'urar da ake maƙala wa yatsa don auna iskar jini takan nuna adadi sama da na gaskiya a baƙar fata, saboda haka yadda kake numfashi ya fi lambar da ta nuna muhimmanci. Mai kemis ma ƙwararre ne da ya yi karatun magani, kuma tun ƙarshen Janairun 2024 an ba su ikon duba wasu ƙananan cututtuka bakwai a Ingila, ciki har da ciwon maƙogwaro, su ba da magani ba sai an ga likita ba. A kan farasitamol, babba ba ya wuce ƙwaya biyu masu miligiram 500 a sha ɗaya, kuma ba ya wuce sau huɗu cikin awa 24. Garin maganin mura irin su Lemsip akwai farasitamol a ciki, wanda ya haɗa su biyun ba da sani ba yana iya illata hantarsa.

Yanzu ga ɗakinka, wanda nake zargin rabin matsalar daga nan take. Sanyin da ka sani a Katsina busasshe ne, yakan ciji mutum da asuba har yara su kewaye wuta, amma da hantsi ya ɗaga sai a tuɓe rigar sanyi. Na nan jiƙaƙƙe ne, yana wuni yana kwana, kuma yana shiga bango. Numfashinka, tururin girki, da kayan wanki da ka shanya a cikin ɗaki duka suna zuba ruwa a iska, ruwan nan kuma in ya taɓa gilashi ko bango mai sanyi sai ya koma raɓa. Ita ce kake gani a tagarka da safe, ita ce kuma ke ciyar da baƙin fumfunar da ke kusurwa, wadda ƙurarta ke shiga huhu ta tsawaita tari ta tayar da asma. Ba ƙaramin abu ba ne. A Disambar 2020 wani yaro ɗan shekara biyu mai suna Awaab Ishak, wanda iyayensa suka zo daga Sudan, ya rasu a Rochdale, nan kusa da kai, kuma binciken da aka kammala a 2022 ya tabbatar da cewa daɗewa cikin fumfunar gidansu ne sanadi. Da sunansa ake kiran dokar da ta tilasta wa masu gidajen gwamnati da na ƙungiyoyi gyara irin wannan cikin ƙayyadadden lokaci. Kai kuwa, in a hannun ɗan kasuwa kake haya, ka ɗauki hoton bangon, ka rubuta wa mai gidan a rubuce domin ya zama shaida, in ya yi biris ka kai ƙara sashen kula da lafiyar muhalli na ƙaramar hukumar garin, kuma ofishin ba da shawara na ƙungiyar ɗaliban jami'arku ya saba da irin wannan rigima.

Kafin a gyara, ka kunna hitar nan. Hukumomin lafiya a nan suna ba da shawarar kada ɗakin da ake zama ya gaza digiri 18. Na san kana lissafa fam da naira duk lokacin da ka kai hannu kan makunni, kowa ya yi wannan a shekararsa ta farko, amma mako biyu na rashin lafiya a tsakiyar zangon karatu da ka biya miliyoyi ya fi kuɗin wutar wata uku tsada. Ɗumi kaɗan mai ɗorewa ya fi a ƙure hita awa ɗaya a kashe. Ka goge raɓar taga kowace safiya, ka buɗe ta minti goma ko da ana sanyi domin danshi ya fita, ka janye gado da akwati daga jikin bango, ka rufe tukunya in kana girki. Idan ka sayi jakar ruwan zafi ta roba don ɗumama gado, kada ka zuba mata tafasasshen ruwa kai tsaye, kuma ka naɗe ta da zane, domin ƙunarta na cikin abin da muke yawan gani a Janairu.

Abu ɗaya kuwa da nake roƙonka da girman Allah kada ka yi shi ne hura gawayi a ɗaki. A gida mun saba da kaskon wuta a lokacin hunturu, kuma abin da ke ceton mutane da yawa shi ne iska na shiga ta ƙarƙashin ƙofa da ta saman rufi. Gidajen nan an toshe su ne domin kada ɗumi ya fita. Gawayi, ko murhun gashin nama, ko barin murhun gas a kunne don ɗumi, duka suna fitar da iskar kabon monoksayid, wadda ita ce ke kashe iyali guda cikin dare a Najeriya in an kwana da janareta a cikin gida. Ba ta da wari, ba ta da launi, kuma alamominta na farko, ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, sun yi kama da mura. In ka lura kanka na ciwo a ɗaki amma yana sakinka da ka fita, ko kai da abokan zamanka kuna ciwo lokaci ɗaya, ku fita waje nan take ku nemi taimako. Tun Oktoban 2022 doka ta wajabta wa masu ba da haya a Ingila sanya ƙararrawar wannan iska a duk ɗakin da ke da tukunyar ɗumama gida ko makamanciyarta, sai ka duba ko taku tana nan kuma tana aiki. Masu turaren wuta su ma gara su koma kaskon lantarki, kuma kada a cire batirin ƙararrawar hayaƙi don tana damun mutane da ƙara.

Gajiya da ciwon ƙashi da yawan barcin da ka ambata sun kai ni ga rana. A Katsina tsawon wuni ba ya nisa da awa goma sha biyu duk shekara. A Manchesta a tsakiyar Disamba rana kan fito bayan ƙarfe takwas ta faɗi kafin huɗu na yamma, wato kimanin awa bakwai da rabi, yawancinsu kuma a bayan gajimare. Kai da kanka ka ga yadda azahar da la'asar da magariba suke bin juna kamar ana korar su. Daga Oktoba zuwa Maris hasken rana a wannan ƙasa ba shi da ƙarfin da zai sa fata ta ƙera bitamin D, kuma baƙar fata ta fi buƙatar rana mai yawa kafin ta ƙera shi ko da a lokacin zafi. Shi ya sa shawarar NHS ga kowa ita ce maikrogiram 10 a kullum a kaka da hunturu, ga masu fata irin tamu kuwa duk shekara. Ana sayar da shi a kemis da manyan kantuna da araha, akwai kuma wanda ba a yi kwansonsa da gelatin ba ga mai kiyaye halal. Kada ka wuce maikrogiram 100 a rana sai in likita ne ya rubuta, domin yawansa na tara sinadarin kalsiyam a jini ya taɓa ƙoda. Tunda ciwon ƙashi ya riga ya bayyana, ka nemi a auna maka shi a jini tare da yawan jini da aikin maƙoƙo, saboda in ya yi ƙasa sosai ƙaramin awon nan ba zai cike gurbin da wuri ba.

Amma ba na so in jingina komai ga bitamin. Kwana biyu a ɗaki ba fita, ga saurayin da ya taso inda ba a wuni ba a gaisa da mutum hamsin ba, alama ce da ya kamata a duba. Ƙarancin haske yana rikita agogon jiki, kuma akwai ciwon damuwa da likitoci suka sani wanda ke zuwa da hunturu ya tafi da bazara, mai sa yawan barci, kwaɗayin abinci mai zaƙi, da mutuwar zuciya a kan abin da mutum ya saba so. In aka haɗa shi da kewar gida da nauyin karatu da na kuɗi, sai ya yi ƙarfi. Wannan ba raunin imani ba ne, kuma addu'a da magani ba sa korar juna. Ka fita kullum tsakanin hantsi da azahar ko da rabin awa, ko gari ya yi lullumi, domin hasken waje a ranar gajimare ya ninka na fitilar ɗaki sau da yawa. Ka tsayar da lokacin tashi ɗaya. Ka je jam'i, ka je Juma'a, ka nemi inda 'yan ƙasa ke haɗuwa su ci tuwo, domin sau da yawa a nan ne ake gane wanda ya kwana biyu bai fito ba. Wasu sukan ji daɗin fitila ta musamman mai ƙarfin haske da ake zama gabanta da safe. Idan abin ya wuce mako biyu bai sassauta ba, ka faɗa wa GP a fili, ko ka rubuta kanka da kanka a sashen ba da shawara na NHS ko na jami'a. In kuwa tunanin cutar da kai ya taɓa zo maka, ka kira 111 ko Samaritans, ƙungiyar da ke sauraron masu damuwa, a 116 123 a wannan daren.

A kan sutura ba sai na tsawaita ba. Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka ka liƙa. Riguna uku marasa kauri, ta ciki mai kama jiki, ta tsakiya ta ulu, ta waje mai hana ruwa da iska, sun fi jibgegiyar riga ɗaya, domin iskar da ke tsakaninsu ce ke riƙe ɗumi, kuma kana iya rage ɗaya in ka shiga aji. Takalmi mai hana ruwa da safa mai kauri sun fi komai, sai hula mai rufe kunne da safar hannu. Shadda ta jira Juma'a, ita ma da wando mai ɗumi a ƙarƙashi. Fata za ta bushe ta yi furu-furu kamar a hunturun gida saboda hita, man kaɗe ko basilin bayan wanka da bayan alwala ya isa. Ranar da aka kwana da sanyi ƙasa da sifili, ka yi hattara da ƙanƙarar da ke shimfiɗe a kan hanya ba a ganinta, ka taka gajere-gajere, hannuwa a waje da aljihu, domin karayar wuyan hannu kan kawo sababbin zuwa asibiti a irin wannan safiya.

Yanayin ƙasar nan ba ya da alƙawari, kuma wannan ne ke ba mutumin da ya saba da damina da rani masu tsayayyen lokaci mamaki. Ana iya wayar gari da rana, a yi ruwa da azahar, iska ta tashi da yamma. Ka sa manhajar hukumar hasashen yanayi ta Met Office a wayarka, ka koyi launukan gargaɗinta: rawaya a yi hattara, ruwan goro a sake shirin tafiya, ja kuwa akwai haɗari ga rai. A ƙarshen Fabrairun 2018 iskar sanyi daga gabas ta rufe hanyoyi da makarantu da dusar ƙanƙara a lokacin da mutane ke zaton hunturu ya ƙare. A ranar 19 ga Yulin 2022 kuma zafi ya kai digiri 40.3 a Coningsby da ke gabashin Ingila, mafi tsanani da aka taɓa aunawa a Birtaniya. Za ka ce arba'in ai abin kullum ne a Katsina a watan Afrilu, amma gidan da aka gina don ya riƙe ɗumi, babu fanka babu inuwar darbejiya, yakan zama tanda, kuma na ga 'yan ƙasarmu da suka raina zafin Turai sun galabaita. Daga ƙarshen Maris zuwa Yuli kuma akwai ƙurar furannin itatuwa da ciyawa, mai sa atishawa da ƙaiƙayin ido, wadda kan kama wasu a shekararsu ta biyu ko ta uku su ɗauka mura ce ta ƙi tafiya. Ƙwayar setirizin ko loratadin daga kemis takan wadatar.

Ba ka faɗi ko kana da wata cuta ta dindindin ba. Idan kana da sikila, sanyi na cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwonta, don haka ka nemi GP ya haɗa ka da sashen masu cutar jini tun kafin ta tashi, ka karɓi allurar rigakafin mura mai tsanani wadda kyauta ce gare ka, kuma ka sani ƙa'idar asibitocin nan ita ce a ba mai wannan ciwo maganin zafi cikin minti 30 da isowarsa. Mai hawan jini ya tambayi mai kemis kafin ya sha maganin toshewar hanci, domin wasunsu na ɗaga jini. Sanƙarau kuma, wanda muka sani da zafin bazara a gida, a nan ya fi yawa a lokacin sanyi kuma yana son ɗakunan kwanan ɗalibai. Zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya, ƙin haske ko ruɗewa na 999 ne. Ɗigon da yake fitarwa a fata yana da wuyar gani a jikinmu, sai a duba tafin hannu, tafin ƙafa da cikin fatar ido, kuma ba a jiran fitowarsa. Ka tambayi asibitinku ko ka cancanci allurar rigakafin sanƙarau mai suna MenACWY, wadda ake yi wa sababbin ɗalibai 'yan ƙasa da shekara 25.

Ka kuma sanar da sashenku a jami'a yanzu, a rubuce, cewa ba ka da lafiya. Kowace jami'a tana da hanyar neman ƙarin lokaci ko uzuri saboda ciwo, amma sun fi karɓar uzurin da aka kawo kafin ranar miƙa aiki, kuma bizarka tana rataye da halartar darasi. A wurin aiki, kwana bakwai na farko kai ne ke ba da shaidar ciwonka da kanka, bayan haka ne ake neman takardar likita.

Maleriyar da abokinka ke tsoro tana nan tafe, amma lokacinta shi ne bayan ka je hutu gida ka dawo. Ɗan juriyar da jikinmu ya samu saboda cizon sauro na yau da kullum yana raguwa idan aka daɗe ba a cikinsa, kuma a 2023 an samu sama da mutum 2,000 da suka shigo Birtaniya da maleriya, mafi yawansu waɗanda suka je ganin dangi ne a Afirka, musamman ta yamma. Mafi tsananin da na gani a nan duka mutanenmu ne da suka ce su da ƙasarsu ba za su sha maganin rigakafi kamar Turawa ba. Kafin ka tafi, da makonni huɗu zuwa shida in zai yiwu, ka je kemis ko asibitin matafiya a ba ka ƙwayar rigakafi, ka sha ta yadda aka ce har bayan dawowa, ka kwana a gidan sauro ko 'yan gida za su yi maka dariya. Duk zazzaɓin da ya zo cikin shekara guda da dawowarka, musamman watanni ukun farko, a gwada jini a ranar. Shi kuwa Coartem ɗin da ke hannunka, ka kai shi kowane kemis, za su karɓa su zubar da shi yadda ya kamata.